Babi na Shida: Minti Uku Bayan Tashi

Duk wanda ya girma a Ngojin, ko a wani wuri cikin ƙasar Potiskum, ya san lodi tun kafin ya iya rubuta sunansa. Ƙasarmu ƙasar shanu ce, ƙasar tirela ce. Ranar kasuwa in ka leƙa kara za ka ga yadda ake tura bijimai cikin mota ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure ƙahonni, a gitta katako a sama, mutane su hau su zauna, sai Legas ko Fatakwal. Za ka kuma ji gardamar nan da ba ta ƙarewa. Direba ya ce mota ta cika. Mai shanu ya ce, “Haba maigida, saura biyu fa kacal.” Ɗan kamasho ya shiga tsakani ya ce a daure a ƙara. Sau da yawa akan ƙara ɗin, sau da yawa kuma motar takan kai lafiya. Wannan kaiwa lafiyar ita ce ke ba mutane ƙarfin halin sake ƙarawa a kasuwa mai zuwa.

Amma tirela tana da rangwame. In nauyi ya rinjaye ta a kan hawa, sai ta yi nishi, direba ya gangara gefen titi, yaron mota ya diro ya sa weji, a jira inji ya huce. Jirgin sama ba shi da gefen titi. Daga lokacin da tayarsa ta rabu da ƙasa, duk abin da aka yi masa a ƙasa zai bayyana: nauyin da aka ɗora, gyaran da aka ɗage, lissafin da aka yi da ka. Wannan babi yana magana ne a kan waɗannan ’yan mintoci, da kan jiragen jigilar sojoji a lokacin yaƙi, domin a nan ne matsin lamba ya fi tsanani, a nan ne kuma Najeriya ta yi ɗaya daga cikin asarorinta mafi ciwo.

Hanyar da ta bi ta kanmu

Sararin da ke saman Potiskum tsohuwar hanyar jiragen soja ce. Jiragen farko da suka sauka a Najeriya na sojan saman Ingila ne, guda uku, sun taso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka yada zango a Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. In ka ja layi a taswira daga Maiduguri zuwa Kano, za ka ga ya ratsa ta kusa da mu. Tsohon filin jirgin da ke Potiskum tun zamanin Turawa shaida ne cewa garin yana kan wannan hanya.

Bayan shekara goma sha biyar hanyar ta zama jijiyar yaƙi. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya ta shiga yaƙin, Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sojojin Ingila da ke Masar suna buƙatar jiragen yaƙi, ga hanya a toshe. Sai gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta, filin Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya buɗe. Daga watan Satumba na 1940 aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su, su tashi ayari-ayari: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Janaina, Fashir, Khartum, har Alƙahira. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, ta kimanin kwana shida. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta wannan hanya.

Matuƙan da suka bi ta sun tarar da abokin gaba wanda ba ya harbi. Ƙurar hunturu tana rufe ƙasa, rairayi yana cin inji, zafin rana yana rage wa jirgi ƙarfin tashi. Jirage da dama sun isa Masar suna buƙatar gyara tun kafin su ga fagen fama.

Kakanninmu kuma sun ɗanɗana abin da kansu a ƙasar Boma. A daren 5 ga Maris, 1944, a filin Lalaghat da ke Indiya, aka fara kwasar dakarun Janar Orde Wingate na Ingila zuwa bayan layin Japan. An yi amfani da jirage marasa inji, waɗanda ake ja da igiya, kowane jirgin Dakota yana jan guda biyu. An cika su da kaya fiye da ƙima, domin kowane soja yana so ya tafi da ƙarin harsashi da guzuri. Igiyoyi suka riƙa tsinkewa, injuna suka yi zafi, da yawa ba su kai inda aka nufa ba. A makonnin da suka biyo baya aka kwashi bataliyoyi uku na sojan Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, cikin jiragen Dakota zuwa cikin dajin. Yawancinsu ’yan Arewa ne, da Hausa ake ba su umarni, kuma mafi yawansu ba su taɓa hawa jirgi ba. Darasin wannan dare ya tsufa amma bai mutu ba: a lokacin yaƙi kowa yana da hujja mai kyau ta ƙara kaya, jirgi kuwa ba ya jin hujja.

Me ya sa tashi ya fi wuya?

Mutane da yawa sun ɗauka haɗarin jirgi yana can ƙololuwar sama. A wurin matuƙi, tsayi dukiya ce. In inji ya mutu jirgi yana can sama, akwai lokacin tunani, akwai damar neman fili. A lokacin tashi kuwa abubuwa huɗu ne ke haɗuwa masa lokaci guda: jirgi yana kan mafi girman nauyinsa domin tankunan mai a cike suke, gudunsa bai kai ba, ƙasa tana kusa, injuna kuma suna aiki iyakar ƙarfinsu. Inji mai ɓoyayyar cuta a wannan lokaci yake nuna ta, kamar yadda jaki mai ciwon ƙafa ba ya ɗingishi sai an ɗora masa mangala.

Abin da ke ɗaga jirgi shi ne iskar da ke ratsa fuka-fukansa da gudu. In nauyi ya ƙaru, gudun da ake buƙata ya ƙaru, titin da za a cinye kafin a kai wannan gudu shi ma ya ƙaru. Ga kuma zafi. Iska mai zafi sakayau take, ba ta da kauri, saboda haka fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, inji ba ya samun isasshen abin shaƙa. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi da asubar hunturu a Kano, shi ɗin dai da wannan kaya zai sha wuya da azahar a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mutanen Gwammaja sun ga haka ranar 4 ga Mayu, 2002, da jirgin fasinja na kamfanin EAS ya cinye titi da tsakar rana, ya wuce ƙarshensa, injunansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa cikin unguwa, mutane fiye da ɗari suka rasu a cikin jirgin da cikin gidajensu.

Kafin kowane tashi matuƙa suna lissafa wani gudu da suke kira V1, wato iyakar shawara. In matsala ta auku kafin a kai shi, a taka birki a tsaya. In ta auku bayansa, sauran titin ba zai isa a tsaya ba, dole a tashi da matsalar. Wannan lissafi kacokan ya dogara ne a kan nauyin da aka rubuta a takarda. In an rubuta tan sittin alhali tan sittin da takwas ne a ciki, to duk lambobin da matuƙi ya riƙe sun zama na wani jirgi dabam.

Ba yawan nauyi kaɗai ba, har inda aka ajiye shi. Mai ɗaura wa raƙumi kaya ya san in ɓangare ɗaya ya rinjaya tafiya ba za ta yi nisa ba. Jirgi ma haka, sai dai nasa rinjayen gaba da baya ne. In kaya suka yi baya da yawa, hanci zai ɗaga sama fiye da kima, gudu ya ragu, fiffike ya saki iska, jirgi ya zubo. Shi ya sa a kowane jirgin jigilar soja akwai mutum guda wanda aikinsa ke nan, jami’in lodi. Shi ke auna kaya, ya tsara wurin kowanne, ya ɗaure da sarƙa, ya ƙirga mutane, ya miƙa wa matuƙi takarda. Yawanci ƙaramin ma’aikaci ne, saje ko makamancinsa. Mutanen da ke tsaye a bakin ƙofa suna son shiga kuwa sau da yawa sun girme shi da muƙami nesa ba kusa ba.

Sai kuma mutuwar inji. Jirgi mai injuna huɗu an ƙera shi ya iya ci gaba da hawa in ɗaya ya mutu. Amma injin da ya mutu ba ya zama shiru kawai. Farfelarsa tana tare iska tana ja baya, sauran na ɗaya gefen suna turawa gaba, sai jirgi ya nemi juyawa. Dole matuƙi ya danne shi da ƙafa, a kuma karkata ruwan farfelar ya daina tare iska, duk cikin daƙiƙoƙi. In na biyu ya bi, jirgi kuma yana da nauyi, hawa ya ƙare. In na uku ya bi, sai neman inda za a faɗa.

Asabar, 26 ga Satumba, 1992

A shekarar 1992 Najeriya tana cikin yaƙi, ko da yake ba a ƙasarta ake yin sa ba. Tun watan Agusta na 1990 dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma suka sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, kuma Najeriya ce ke ɗauke da mafi yawan sojoji da kuɗi da kayan aiki. Jiragen da ke kai da kawowa tsakanin Legas da fagen Laberiya su ne C-130, waɗanda ake kira Hercules, ƙirar kamfanin Lockheed na Amurka. Rundunar Sojin Sama ta sayi guda shida a tsakiyar shekarun 1970, ta ƙaro uku masu tsawon jiki a tsakiyar shekarun 1980. Waɗannan ’yan jirage su ne jakunan rundunar baki ɗaya: su kai soja, su kai abinci da harsashi, su dawo da masu rauni da gawa. A daidai lokacin kuma tattalin arzikin ƙasa yana cikin matsin shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, kayan gyara da dala ake sayen su.

C-130 jirgi ne mai suna wajen juriya. Yana da injuna huɗu masu farfela, yana sauka a filin da ba kwalta, yana tashi da nauyin da ya kai kimanin tan 70. Gajeren samfurinsa an tsara shi ya ɗauki soja 92, dogon kuma 128.

Da yammacin Asabar, 26 ga Satumba, jirgi mai lamba NAF 911 ya tsaya a ɓangaren soja na filin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Fasinjojinsa ɗaliban babban kwas ne na 15 na Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Jaji, sun zo Legas rangadin karatu a cibiyoyin sojan ruwa, za su koma Kaduna. Yawancinsu masu muƙamin manjo ne da takwarorinsu na ruwa da na sama, mutane ’yan shekara talatin da wani abu, waɗanda aka tace aka zaɓo domin su zama kwamandojin gobe. A cikinsu akwai baƙi daga Gana, Tanzaniya, Zimbabuwe da Uganda. Alƙaluman da aka fi kawowa na waɗanda ke cikin jirgin su ne 158 ko 159, wasu jaridun suka ce 163. Ko wanne aka ɗauka, ya zarce 92, ya kuma zarce 128.

Jirgin ya tashi. Ba a jima ba inji ɗaya ya mutu, na biyu ya bi, sannan na uku. Matuƙan suna saman Legas, birnin da ko’ina rufin gidaje ne, ga jirgi cike da mai. Suka karkata shi zuwa fadamar da ke Ejigbo, inda babu gidaje. Kimanin minti uku bayan tashinsa ya nutse cikin laka. Babu wanda ya tsira.

Daga Ikeja zuwa Ejigbo ’yan kilomitoci ne kawai, amma masu ceto ba su kai ga aiki sosai ba sai washegari. Dare ya yi, wurin taɓo ne da ciyayi, babu hanyar mota, babu kayan yanka ƙarfe a kusa. An kwashe kwanaki ana ciro gawawwaki. Labari ya isa Jaji, inda matan hafsoshin suka yi girki suna jiran mazajensu. Ya isa Zariya da Jos da Makurɗi da Maiduguri da Kalaba, domin babu sashen ƙasar nan da bai yi rashi ba. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi zaman makoki, aka yi musu jana’izar ƙasa a Abuja.

Kwana goma sha tara bayan haka, ranar 15 ga Oktoba, madugun ’yan tawayen Laberiya, Charles Taylor, ya ƙaddamar da babban farmakinsa a kan Monrobiya, faɗa mafi muni da ECOMOG ta gani zuwa lokacin. Rundunar da ke buƙatar kowane gwanin hafsa ta riga ta binne aji guda cur, ba tare da abokin gaba ya harba harsashi ko ɗaya ba. Manjo ba a yin sa a shekara biyu. Sai an ɗauki yaro daga makarantar horon soja ta Kaduna, a yi shekara goma sha wani abu ana gogar da shi. Giɓin da Ejigbo ya bari ya bi rundunar shekaru masu yawa, hawa-hawa, har zuwa matakin janar.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa ciwon gishiri. Jama’a ba su ga cikakken rahoton bincike a fili ba. An yi ta maganar gurɓataccen mai, an yi ta maganar nauyi, an yi ta maganar gyara. Da aka bar wurin bayani a buɗe, sai jita-jita ta shige, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga yunƙurin juyin mulkin Afrilun 1990 ba, zukata cike suke da zargi. Matan mamatan kuma sun shafe shekaru suna bin alkawuran da aka yi musu, jaridu suna ɗauko kukansu duk ranar tunawa. Yaran da aka bari a goye yanzu sun haura shekara talatin, wasunsu sun kai shekarun da ubanninsu suka rasu a kai.

Abin da wasu suka yi da nasu rashin

Irin wannan masifa ba ta san ƙasa mai arziki ko matalauciya ba. Bambancin yana ga abin da ake yi bayanta.

Ranar 12 ga Disamba, 1985, jirgin DC-8 da aka yi haya ya tashi daga Gander a Kanada, ɗauke da sojojin Amurka 248 da ke komawa gida daga aikin kiyaye zaman lafiya a Sinai. Bai yi nisa da ƙarshen titi ba ya faɗi, mutum 256 suka mutu. Masu bincike sun rabu biyu. Mafi rinjaye suka ce ƙanƙara ce ta kama fiffike, sannan an ƙiyasta nauyin kowane soja kamar na fasinja na yau da kullum, alhali soja da kayansa ya fi haka. ’Yan tsiraru suka ce wuta ko fashewa ce daga ciki. Aka buga ra’ayoyin biyu kowa ya karanta, kuma taƙaddamar ta kai ga Kanada ta rushe hukumar binciken ta kafa sabuwa.

Ranar 29 ga Afrilu, 2013, a sansanin Bagram na Afganistan, jirgin kaya Boeing 747 ya tashi da motocin sulke guda biyar. Ɗaurin bai isa ba. Da hanci ya ɗaga, ta baya ta ɓalle ta daki bangon wutsiya, ta lalata na’urorin da ke sarrafa jirgin. Ya miƙe tsaye, ya zubo, ma’aikata bakwai suka mutu. Rahoton ya fito fili, ya bayyana yawan igiyoyin da aka ɗaura da yawan da ya kamata a ɗaura, aka sake duba horon jami’an lodi.

A nahiyarmu, ranar 11 ga Afrilu, 2018, jirgin Ilyushin 76 na sojan Aljeriya ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga sansanin Boufarik, mutum 257 suka rasu, sojoji da iyalansu. Ranar 25 ga Fabrairu, 2025, ana tsakiyar yaƙin Sudan, jirgin Antonov na soja ya tashi daga sansanin Wadi Sayyidna ya faɗa kan gidaje a Omdurman, mutum 46 suka mutu, har da manyan hafsoshi. Duk wanda ke da dangi a Sudan, kuma Hausawa da yawa suna da su, ya ji wannan a jikinsa.

Mu ma Ejigbo bai zama na ƙarshe ba. Ranar 21 ga Fabrairu, 2021, jirgin King Air na sojan sama ya tashi daga Abuja zai je Minna, domin taimakawa wajen neman ɗaliban Kagara da aka sace. Matuƙi ya ba da rahoton matsalar inji, ya juyo, bai kai titi ba. Dukan mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Bayan wata uku, ranar 21 ga Mayu, wani King Air ya faɗi a Kaduna wajen sauka cikin hadari, da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum goma.

Wanda zai ce ya isa

Mu mutane ne masu imani da ƙaddara, kuma babu mai wuce ranarsa. Wannan shi ke sanyaya zuciyar uwa da matar da aka bari. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa ƙaddara tana wanke mai sakaci ba. Wanda aka ba amanar rayuka zai amsa tambaya a kan abin da ya yi da ita. Mutanen Sakkwato suna tuna 11 ga Yuli, 1991, ranar da jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zai je Sakkwato ya kama wuta, mutum 261 suka rasu. Bincike ya nuna an san iskar wasu tayoyin ta yi ƙasa, amma aka saki jirgin don kada a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi, aka naɗe su cikin cikin jirgin suna ci da wuta. Ba yaƙi ake yi ba a ranar, gaggawa ce kawai. To ina ga inda gaggawa ta haɗu da umarni?

Nan ne wahalar jirgin soja take. A jirgin fasinja, in kujeru sun ƙare an rufe ƙofa. A jirgin soja benci ne na zane da faɗin daɓe, kullum ana iya matsawa a sami wurin mutum ɗaya. Jirage kaɗan ne, wanda ya rasa na yau bai san ranar da wani zai zo ba. Wannan matarsa ta haihu, wancan an ba shi hutun kwana uku bayan wata tara a daji, ga kuma mai rauni. Kowa da gaskiyarsa. Soja kuma an horar da shi ya ce “to, ranka ya daɗe”, ba a horar da shi ya ce “a’a” ba. Wannan ɗabi’a ita ke cin yaƙi a fagen daga. A bakin ƙofar jirgi kuwa ana buƙatar wata jarumtar dabam: saje ya dubi kanar ya ce, “Ranka ya daɗe, jirgi ya cika,” kuma ya san gobe ba za a hukunta shi ba. Matuƙi ya ce wannan inji ban yarda da shi ba, a sauke kaya, kuma kada a kira shi matsoraci.

Irin wannan jarumta ba ta tsirowa ita kaɗai. Sai manya sun shuka ta, sun tsaya bayan ƙaramin da ya faɗi gaskiya. Sai an ware kuɗin gyara a lokacin da babu yaƙi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sai an gwada mai kafin a zuba. Sai an tanadi jirage masu saukar ungulu da kayan ceto da ke iya isa fadama cikin dare. Sai kuma an fito da rahoton kowane haɗari, a cire abin da ya shafi sirrin yaƙi, a bar wa jama’a sauran. Rahoton da aka kulle a durowa ba ya koyar da matuƙin da ke makaranta a Kaduna yau, ba ya kuma ba maraya amsar da zai ba ’ya’yansa in sun tambayi yadda kakansu ya rasu.

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, sararin Yobe bai huta da ƙugin jirage ba. Potiskum ta binne nata ’ya’yan a wannan yaƙi, a kasuwa da makaranta, saboda haka mun san darajar waɗanda ake kwasowa daga Legas da Inugu da Sakkwato su zo su tsare mu. In na ji wannan ƙugi mai kauri ya ratsa saman Ngojin ya nufi gabas, nakan san cewa jirgin ya riga ya tsallake mintocinsa uku a wani fili mai nisa. Nakan yi wa waɗanda ke ciki addu’ar sauka lafiya. Nakan kuma tuna da wani da ban san sunansa ba, mai riƙe da takardar lodi a bakin ƙofa, wanda wataƙila ya mayar da mutum biyar baya da safiyar nan suna fushi da shi. Allah ya ƙara masa ƙarfin zuciya, ya kuma ba shi shugabannin da za su tsaya masa. Waɗanda suka kwanta a Ejigbo kuwa, Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari.